Mastas a kimiyyar kwamfuta, IT ko tsaron intanet: wanne za ka ɗauka?

Kwanan baya wani yaro da muka taɓa aiki tare ya turo min hotunan admishin guda uku da ya samu, ɗaya mastas a kimiyyar kwamfuta, ɗaya a IT wato fasahar sarrafa bayanai, na ukun kuma tsaron intanet, ya ce yaya dan Allah wanne zan ɗauka, ni dai a wurina duk kwamfuta ce. Na ce masa a'a ƙanina, ba duk ɗaya ba ne, in kuwa ka ɗauke su ɗaya to kana iya ƙona shekara ɗaya ko biyu da kuɗi masu yawa a kan abin da ba shi kake nema ba. Amsar da na ba shi ta yi tsawo har na ga gara in rubuta ta wasu ma su amfana, don tambayar tana yawan zuwa, kuma abin da ya fi damuna shi ne yawancin masu yin ta sun riga sun yanke a zuci tun kafin su tambaya, tsaron intanet suke so, saboda shi ake yayi, shi ake ta cewa akwai guraben aiki birjik babu masu cikewa. Maganar tana da gaskiya a cikinta amma rabin gaskiya ce, kuma rabin da ba a faɗa shi ne yake kwantar da mutane.

Hanya mafi sauƙi da na samu ta nuna masa bambancin ita ce in ɗauko abu ɗaya da ya faru mu kalle shi da ido uku. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle fayilolin mutane ta ce sai an biya fansa da Bitcoin, asibitocin gwamnati a Ingila suna cikin waɗanda abin ya fi taɓa, har aka soke ganin likita da tiyata. Kafar da ta bi tana cikin SMB, tsarin da kwamfutocin Windows ke amfani da shi wajen raba fayil a tsakaninsu, kuma abin takaicin shi ne Microsoft ta riga ta fitar da facin wannan kafar, wato gyaran manhajar da zai toshe ta, tun 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin a shiga bala'in.

To ka zaunar da mutum uku a gaban wannan labarin. Mai kimiyyar kwamfuta tambayarsa ita ce me ya sa tun farko kod ɗin ya yi kuskuren lissafin wurin ajiya a memori har wani daga waje ya iya cusa nasa umarnin, kuma yaya za a rubuta manhaja ko a ƙirƙiri yaren da irin wannan kuskuren ba zai ma yiwu ba. Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, a 2019 injiniyoyin Microsoft da kansu suka ce kusan kashi 70 cikin 100 na kafofin da suke toshewa duk shekara matsalar memori ce, shi ya sa ka ga yaren rubuta manhaja irin Rust, wanda aka tsara don hana irin wannan kuskuren, yana ta samun karɓuwa. Mai IT kuma ba nan hankalinsa yake ba, shi tambayarsa ita ce ta yaya faci zai fito wata biyu ba a saka ba, wa ke da lissafin kwamfutocin da ma'aikatar ta mallaka, wace na'ura ce aka ƙi taɓawa don tsoron kada tsohuwar manhajar da ke kanta ta daina aiki, ina bakof yake, wato kwafin bayanan da aka ajiye don ranar ɓacin rana, an taɓa gwada dawo da shi, wa ya hana kuɗin sabunta kayan a kasafin bara. Shi kuma mai tsaro yana can yana tambayar ta ina ta shigo, yaya take tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan, me ya sa ƙofa ta 445, wadda SMB ke amfani da ita, take buɗe ga intanet, me ya sa ba a raba netwok ɗin gida-gida ba, me log, wato rajistar abin da ya faru a na'ura, ya nuna, kuma a cikin kod ɗinta akwai abin da za a riƙe ta da shi. A ƙarshe ma irin wannan binciken ne ya rage mata gudu, wani matashin mai bincike ya ga tana leƙa wani adireshin intanet da ba a yi wa rajista ba, ya yi masa rajista, ashe shi ne makashinta.

Na ce wa yaron cikin ukun nan wace tambaya ce ka ji ta tsaya maka a rai, wacce za ka iya kwana kana tunani ba don an biya ka ba. Wannan ita ce ma'aunin farko, sauran duk bayanta suke.

Bari in fara da kimiyyar kwamfuta don ita ce uwa, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane suna ɗauka mastas a nan yana nufin za a koya maka rubuta manhajar waya ko gina shafin intanet, to gaskiya ba haka ba ne, ana ɗauka ka riga ka iya kodin kafin ka zo. Abin da za ka tarar shi ne algoridim, wato matakan da kwamfuta ke bi ta warware matsala, a mataki mai zurfi, yadda ake auna tsawon lokacin da lissafi zai ci in bayanai suka ninka, waɗanne matsaloli ne kwamfuta ba za ta taɓa iya warwarewa ba komai ƙarfinta, abin da Alan Turing ya kafa hujjarsa tun 1936 kafin ma a ƙera kwamfutar zamani, sai cikin tsarin aiki irin Linux yadda yake raba memori da lokaci, kwamfaila mai juya kod zuwa yaren na'ura, rumbun bayanai daga ciki ba yadda ake amfani da shi kawai ba, da tsarin kwamfutoci dubbai da ke aiki tare ba tare da sun saɓa wa juna ba ko da wasu sun mutu a tsakiyar aiki. Kuma lissafi yana nan daram, aljabarar matiris, lissafin yiwuwa, kalkulas, da kafa hujja layi bayan layi. Duk wanda ya ce maka za ka shiga ƙirƙirarriyar basira da gaske ba tare da waɗannan ba, wallahi bai faɗa maka gaskiya ba, tsarin Transformer da masu binciken Google suka wallafa a 2017 wanda ChatGPT da 'yan'uwansa suka tsaya a kai, in ka buɗe cikinsa ninka matiris ne da lissafin yiwuwa.

Wahalarta a fili take. Akwai makon da za ka zauna kwana uku a kan tambaya ɗaya ta asaimen, akwai daren da kod ɗinka zai riƙa faɗuwa sau ɗaya cikin gwaji ɗari ba ka san dalili ba, kuma ba za ka fito da wani abu da za ka nuna wa mai ɗaukar aiki ka ce ga satifiket ɗin kaza ba. Amma ga abin da ya sa nake fifita ta ga matashin da yake da ƙarfin lissafi kuma bai gama sanin inda zai dosa ba: ita ce mafi wuyar koya wa kai daga baya. Kayan aikin kilaud, wato kwamfutocin da ake haya ta intanet, kana iya koyonsu da daddare bayan an tashi aiki, satifiket ɗin tsaro kana iya karanta shi cikin 'yan watanni, amma ka zauna kai kaɗai ka koyi rubuta kwamfaila ko ka fahimci yadda sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, ke cimma matsaya ɗaya, ba malami ba abokin karatu ba jarabawa a gabanka, mutane ƙalilan ne suke iyawa. Kuma ilimin baya tsufa da wuri, algoridim ɗin nemo hanya mafi kusa da Dijkstra ya wallafa a 1959 har yau ana koyar da shi ana aiki da shi, alhali manhajar da aka yi yayi shekara goma baya wata ko sunanta ba a tunawa. Sannan ƙofofinta sun fi yawa, daga nan kana iya zama injiniyan manhaja, ka shiga koyon na'ura, ka wuce digirin dakta, ko ma ka juyo tsaron intanet ɗin da kake so ta ƙofar da ta fi daraja. Daga IT ko tsaro ka ce za ka juyo kimiyyar kwamfuta ana yi, amma hawan dutse ne.

In kuma digirinka na farko ba na kwamfuta ba ne kada ka ce an rufe maka, jami'o'in Ingila da yawa suna da mastas na sauya fanni na shekara ɗaya, a Amurka akwai MCIT na Jami'ar Pennsylvania da Align na Northeastern, duk an yi su ne don wanda ya fito daga wani fannin. Sai dai ka sani irin wannan kwas ɗin tushen digirin farko yake matse maka a ɗan lokaci, ba daidai yake da mastas mai zurfi ba, kada ka fito kana tsammanin ka kai wanda ya yi shekara shida a ciki.

Yanzu tsaron intanet, inda nake so in daɗe. Ina son fannin nan ƙwarai, aiki ne mai amfani ga jama'a, kuma ba sabon abu ba ne kamar yadda ake zato, tun bayan tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta ta Nuwamba 1988, aka kafa cibiyar kai ɗauki ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Royal Holloway ta Jami'ar Landan kuma ta fara mastas ɗinta na tsaron bayanai tun 1992. Matsalar ba ta fannin ba ce, matsalar ita ce tsaro ba matakin farko ba ne. Ba za ka kare abin da ba ka san yadda yake aiki ba. Wanda bai taɓa saita netwok ba, bai san me ke faruwa tsakanin ya buga adireshi da shafin ya buɗe ba, bai saba da baƙin allon Linux ba, bai taɓa riƙe Active Directory, tsarin Microsoft na kula da asusun ma'aikata, ba, bai iya rubuta ɗan skirif da Python ba, in ka kai shi ajin binciken kutse zai haddace sunayen kayan aiki ya ci jarabawa, amma ranar intabiyu aka ajiye masa log aka ce me ka gani sai ido ya raina fata. Guraben da ake cewa babu masu cikewa yawancinsu na masu gogewa ne, a ƙasa wurin shiga kuwa cunkoso ne, kuma na ga mutane da mastas a hannu suna ta aika CV ana ce musu ina gogewarku, abin yana ci min rai don ba laifinsu ba ne, tallan makarantu ne ya nuna musu gajeriyar hanya.

Sannan sunan "tsaron intanet" da kansa ruɗu ne, abubuwa aƙalla uku ne aka zuba a buhu ɗaya. Akwai ɓangaren fasaha zalla, ilimin ɓoye saƙo, warware muguwar manhaja a ga cikinta, tsaron tsarin aiki, gano kafa a kod, wannan kam kimiyyar kwamfuta ce sanye da wata riga, kuma lissafinsa ba wasa, tsarin ɓoye saƙo na RSA da aka ƙirƙira a 1977 ya tsaya ne a kan wahalar rarraba babbar lamba zuwa asalin lambobin da aka ninka, a 1994 Peter Shor ya nuna kwamfutar kwantam mai ƙarfi za ta iya rusa shi, shi ya sa hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sabbin ƙa'idoji uku a Agusta 2024 na ɓoye saƙon da zai jure wannan. In nan kake so ka yi aiki to lissafi ne abincinka. Akwai ɓangaren aiki na yau da kullum, zaman ɗakin sa ido da ake kira SOC, bin alat ɗaya bayan ɗaya wanda mafi yawansu ƙarar banza ce, kai ɗauki in an yi kutse, binciken forensik, gwajin kutse da izinin mai kaya, nan kuma hannu ake so, kuma ka shirya wa aikin dare da kiran gaggawa ranar hutu. Sai ɓangaren shugabanci da doka, auna haɗari, odit, ƙa'idar tsaron bayanai ta ISO 27001, tsarin tsaro na NIST wanda bugu na biyu da ya fito Fabrairu 2024 ya ƙara shugabanci a kan ginshiƙai biyar na da, da dokoki irin GDPR ta Turai da ta fara aiki 25 ga Mayu 2018 wadda ta ba kamfani awa 72 ya sanar da hukuma in an saci bayanan mutane. Wannan na ukun rubutu ne da taro da shawo kan shugabanni, kuma ba raini a ciki, lauya ko akanta ko ma'aikacin banki da ya shiga nan yana iya fin injiniya amfani. Jami'ar Georgia Tech ta Amurka ma da ta buɗe mastas ɗinta na tsaro da ake karantawa ta intanet a 2019 hanya uku ta raba shi, har da ta manufofi daban. To in makaranta ta ce maka kawai tsaron intanet, tambaye ta wanne daga ciki.

Wani abu kuma da ya sa mastas a tsaro bai da nauyin da mastas a kimiyyar kwamfuta yake da shi a kasuwarsa: a nan satifiket na gogayya da digiri kafaɗa da kafaɗa. Satifiket ɗin Security+ na masu fara shiga fannin ne. OSCP jarabawa ce ta hannu, kusan awa 24 kana ƙoƙarin kutsawa cikin kwamfutocin gwaji, a ƙara maka wasu awa 24 ɗin ka rubuta rahoto, masu ɗaukar 'yan gwajin kutse da yawa sun fi kallon wannan a kan digiri. Satifiket ɗin CISSP kuwa sai kana da shekara biyar ta aiki a aƙalla biyu daga cikin fannoninsa takwas, digiri shekara ɗaya tak yake rage maka. Ka ga kenan fannin da kansa yana gaya maka gogewa yake so. Kuma in a ƙasar waje kake shirin karatu da aiki, ka sani yawancin ayyukan tsaro na gwamnati da na kamfanonin da ke mata kwangila suna buƙatar tantancewar sirri wadda galibi 'yan ƙasa kaɗai ake ba, wannan yana rufe wa baƙo wani babban yanki na kasuwar, kuma ba a cika faɗa a takardar talla ba.

Wa mastas na tsaro ya dace da shi kenan? Wanda ya yi shekara biyu uku ko fiye yana riƙe da netwok ko saba ko rubuta manhaja, ya ga matsala da idonsa, yanzu yana so ya haɗa abin da ya sani wuri ɗaya ya hau sama. Irin wannan mutumin kowace lakca tana faɗa masa a kan wani abu da ya taɓa faruwa da shi. Da kuma mai digirin farko na kimiyyar kwamfuta mai ƙarfi wanda ya daɗe yana buga gasar gwajin kutse ta CTF yana kafa lab a ɗakinsa. A Ingila hukumar tsaron intanet ta NCSC tana tantance wasu kwasa-kwasan mastas ta ba su shaida, a Amurka kuma hukumar tsaro ta NSA tana da jerin makarantun da ta amince da su a matsayin cibiyoyin ƙwarewa, ba wai duk wanda ba ya ciki banza ba ne, amma wuri ne mai kyau na fara dubawa.

IT kuma ita ce ake rainawa, ana mata kallon ta waɗanda suka gudu daga lissafi, ni kuma ban yarda da wannan ba sam. Dubi Equifax, kamfanin Amurka mai tara bayanan bashin mutane, a 2017, an sace bayanan mutane kusan miliyan 147 ta wata kafa a manhajar Apache Struts wadda facinta ya riga ya fito tun Maris, ba sabon algoridim aka rasa ba, tsari aka rasa. Dubi Disamba 2021 da matsalar Log4j, wani ɓangaren kod da manhajoji da yawa ke ɗauke da shi, ta ɓulla, babban tashin hankalin kamfanoni shi ne ba su ma san a waɗanne manhajojinsu abin yake ba. Dubi 19 ga Yuli 2024 da sabuntawa guda ɗaya ta manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, ba ɗan kutse ko ɗaya a ciki, magana ce ta yadda ake gwada canji da yadda ake sakinsa kaɗan-kaɗan da yadda ake farfaɗowa in an faɗi. Duk wannan gonar mai IT ce. Mastas ɗinta yana koyar da tsara kayan aikin ma'aikata gaba ɗaya, kilaud irin AWS da Azure, sarrafa rumbun bayanai, jagorancin furojet, ƙa'idojin gudanar da IT irin ITIL da COBIT, kasafin kuɗi, kwangila da masu kawo kaya, da yadda za ka tsaya gaban shugabannin da ba su san kwamfuta ba ka fahimtar da su dalilin kashe kuɗi a kan abin da ba a gani sai ranar da ya lalace.

Amma nan ma zan faɗi gaskiya, cikin ukun IT ce ta fi yawan kwasa-kwasai marasa nauyi, ɗan wannan ɗan wancan, ka fito ka taɓa komai ba ka riƙe komai ba. Kuma darasin jagoranci ga wanda bai taɓa aiki ba kamar koyon iyo ne a tudu. In kana da shekara huɗu biyar a aiki kana hangen kujerar manaja ko shugaban sashen fasaha, kuma ma'aikatarku tana kallon takarda wajen ƙarin girma, to ita ce taka, musamman in za ka yi ta kana kan aikinka. In yanzu ka gama digirin farko, ni shawarata ka nemi aiki ko da na sapot ne, ka ɗauki satifiket ɗin netwok na CCNA ko na kilaud, mastas ɗin ya jira.

Bayan fanni akwai siffar karatun, kuma wani lokacin ta fi sunan fannin muhimmanci. Mai tesis ne ko na kwasa-kwasai zalla? In kana da niyyar dakta ko bincike to mai tesis kake so, da sufabaiza wanda yake wallafa aiki a abin da kake sha'awa, ka duba rubuce-rubucensa na shekara uku da suka wuce kafin ka duba hoton ginin makarantar. Dakta a Amurka yakan ci shekara biyar zuwa shida, a Ingila uku zuwa huɗu, kuma a wannan fannin yawanci ana biyan ɗalibi ne, in aka ce kai za ka biya to ka yi tunani sau biyu. Mastas a Ingila galibi shekara ɗaya ne, gudu ne ba numfashi kuma da wuya ka samu lokacin horon aiki a tsakiya, a yawancin ƙasashen Turai irin Jamus shekara biyu ne da tesis mai nauyi. Wanda ake karantawa ta intanet ma yanzu ba abin rainawa ba ne, Georgia Tech ta fara nata na kimiyyar kwamfuta a Janairu 2014, kwas goma ne, mai rahusa sosai in ka gwada da zama a makarantar, amma ba sauƙi, kuma ba zai ba ka bizar zama ko izinin aiki a can ba. In Amurka kake hari da zama, ka tambayi ko an saka kwas ɗin cikin rukunin STEM, wato kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi, don shi ke ɗaga izinin aiki bayan karatu daga wata 12 zuwa 36, kimiyyar kwamfuta tana ciki, amma wasu kwasa-kwasan IT da ke ƙarƙashin makarantar kasuwanci sai ka tabbatar, kuma dokokin nan suna canzawa, ka karanta na shekarar da za ka tafi.

Abin da na sa yaron ya yi shi ne ya manta da sunayen digirin ya nemo silabos na kowanne, ya ƙirga kwas nawa ne na dole, nawa ne ke da lab ko furojet na rubuta kod, me aka ce sai ka sani kafin ka shiga. Kwas ɗin tsaro da bai nemi komai daga gare ka ba kafin shiga, ka san ba zai kai ka zurfi ba. Na ce ya nemi tsofaffin ɗalibai a LinkedIn ya ga aikin da suke yi shekara biyu bayan gamawa, ya tura wa uku huɗu saƙo cikin ladabi. Sannan na ba shi gwajin mako uku, ba a fafe gora ranar tafiya: mako ɗaya ya zauna da darasin algoridim na MIT da ke kyauta a intanet ya yi tambayoyin da kansa, mako ɗaya a shafukan koyon kutse na TryHackMe ko Hack The Box, mako ɗaya kuma ya kafa saba biyu a kilaud ya yi bakof ya rusa ɗaya da gangan ya dawo da ita ya rubuta takardar yadda wani zai maimaita ba tare da shi ba.

Da ya dawo ya ce min makon kutsen ya fi daɗi, amma duk inda ya maƙale sai ya ga abin da ya hana shi wucewa rashin sanin yadda memori da tsarin aiki suke ne, yana kwafar umarni yana samun nasara ba tare da ya san dalili ba, kuma hakan ya dame shi. Da muka buɗe silabos ɗin kimiyyar kwamfutar sai ga shi akwai zaɓin kwas uku na tsaro a ciki, ɓoye saƙo, tsaron netwok da nazarin muguwar manhaja, kuma ana yarda mutum ya yi tesis ɗinsa a nan. Ita ya karɓa. Ya fara da kwas ɗin tsarin aiki, ya ce asaimen ɗin farko ya ci masa kwana biyar, OSCP kuma ya ajiye shi sai hutun ƙarshen shekara.